Iksan: garin da tashar jirgin ƙasa ta haifa, da yadda baƙo zai bi ta cikinta

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na samu gurbin karatu a wata jami'a da ke Iksan, a Koriya ta Kudu. Da na duba taswira sai na ga gari ne matsakaici, amma an ce mini kusan duk jirgin ƙasan da zai gangara kudu maso yammacin ƙasar sai ya tsaya a tasharsa. Me ya kawo haka? Wani kuma ya ce an taɓa yin babban bala'i a tashar. Ina so in san tarihinta, da irin jiragen da zan samu a cikinta, da yadda zan kai kaina can daga filin jirgin sama ba tare da na ɓata ba.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya sanya albarka a karatun, ya kai ka lafiya. Tambayarka ta faɗo inda nake da abin faɗa, domin sufurin jirgin ƙasa shi ne fannina, kuma tashar Iksan tana cikin waɗanda na fi ba su lokaci a Koriya. Zan ɗan tsawaita, ka yi haƙuri da ni.

Abin da za ka fara riƙewa shi ne, a Iksan tasha ce ta riga gari. Yawancin manyan garuruwa jirgi ne ya zo ya tarar da su. Nan kuwa sai da aka kafa tasha, sannan mutane suka taru a bakinta har aka samu gari. Kafin zuwan dogo, wurin wani ɗan ƙauye ne a cikin fadama mai dogayen ciyayi, mutanen yankin suna kiransa Somni, wato ƙauyen ciki. Da aka rubuta sunan da haruffan Sin sai ya koma Iri, kuma da wannan suna aka san garin da tasharsa fiye da shekara 80. Tsohuwar cibiyar yankin tana can Geumma, ta arewa maso gabas, inda Sarki Mu na daular Baekje ya gina babban wurin bautar Mireuksa a ƙarni na 7. Ba wanda yake lissafi da Somni a lokacin.

Shinkafa ce ta sauya lissafin. Yamma da kudu da Iksan akwai shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mafi faɗi a Koriya, filin Honam, wanda shi ne rumbun shinkafar ƙasar. A bakin teku, tafiyar kilomita 20 da ɗoriya daga Iri, akwai tashar jirgin ruwa ta Gunsan da aka buɗe wa cinikin ƙetare a 1899. Tun kafin Japan ta haɗiye Koriya a 1910, attajiran Japanawa sun fara sayen gonaki a wannan fili, masu gonakin na asali suna komawa manoman haya a ƙasar kakanninsu. Abin da ya rage wa masu mulkin mallaka shi ne hanyar da za ta kwashe amfanin gona ta kai bakin ruwa. Sai aka taso da layin dogo na Honam daga Daejeon ana gangarowa kudu. Ranar 6 ga Maris 1912 aka buɗe tashar Iri, tare da reshen da ya tafi Gunsan. A Janairun 1914 babban layin ya kai Mokpo, tsawon kilomita 250 da 'yan kai daga Daejeon.

Idan ka ga 1912 ka tuna gida, ba ka yi kuskure ba. A daidai wannan lokaci ne jirgin ƙasa ya fara aiki tsakanin Kano da kudu, kuma manufar iri ɗaya ce: a ɗebi abin da ƙasa ta ba da a kai teku. A wurinmu auduga aka nufa, gyaɗa ta ƙwace kasuwar. A wurinsu shinkafa ce. Daga 1920 Japan ta shigo da shirin ƙara yawan noman shinkafa a Koriya, noman ya ƙaru, amma wadda ake fitarwa ta fi ƙaruwa, har ya zama manomin da ya noma shinkafar yana cika cikinsa da wani nau'in gero da ake shigowa da shi daga Manchuria. Duk buhun da ya bi ta Iri zuwa Gunsan, wannan labari yake ɗauke da shi.

To me ya sa babban layin ya kauce wa Jeonju, wadda ita ce hedikwatar lardin kuma tsohon birni mai daraja? Za ka ji mutanen yankin suna ba da labarin cewa dattawan Jeonju masu riƙo da al'adar Confucius, tsohon malamin hikima na ƙasar Sin, su ne suka ƙi yarda ƙarfe ya ratsa ƙasarsu. Labarin ya bazu ƙwarai. Ni dai a matsayina na wanda ya san yadda ake zana hanyar dogo, taswira ta fi gamsar da ni. Wanda yake so ya kai Mokpo da arha, ya kuma kusanci Gunsan da gonakin Japanawa, ta shimfiɗaɗɗiyar ƙasa zai miƙe, kuma miƙewar ta kan Iri take bi. Jeonju tana gefe ta gabas, a gindin duwatsu. Gwamnatin mulkin mallaka ta wancan zamani ba ta saba sauya hanya don ra'ayin dattawan gari ba. Jeonju ta samu nata jirgin a ƙarshen 1914, ta wani ɗan siririn layi na kamfani mai zaman kansa da ya taso daga Iri. Gwamnati ta saye shi a 1927, aka faɗaɗa shi zuwa cikakken ma'auni a 1929, zuwa 1936 aka haɗe shi da Suncheon har ya kai Yeosu a gaɓar kudu. Shi ne layin Jeolla na yau, mai tsawon kimanin kilomita 180, kuma har gobe daga Iksan yake farawa.

Ka ga ke nan tun kafin yaƙin duniya na biyu Iri ta zama mararraba: arewa zuwa Daejeon da Seoul, kudu zuwa Mokpo, kudu maso gabas zuwa Jeonju da Yeosu, yamma zuwa Gunsan. Inda jirage ke haɗuwa dole a ajiye kan jirgi, a gyara tarago, a zaunar da ma'aikatan reluwe da iyalansu. Kasuwa ta biyo baya, sai injinan casar shinkafa, sai makarantu. Makarantar noma da gandun daji ta Iri da aka buɗe a 1922 ita ce tushen harabar Jami'ar Jeonbuk da ke Iksan a yau. A wannan gari ne kuma addinin Buddha na Won ya kafa hedikwatarsa a 1924, wanda daga baya ya haifi Jami'ar Wonkwang. Ko wacce daga cikin biyun za ka je, dogon ne ya jawo ta wurin.

Zama mararraba yana da tsadarsa. Ranar 11 ga Yuli 1950, makonni kaɗan da ɓarkewar yaƙin Koriya, jiragen yaƙin Amurka suka yi ruwan bama-bamai a kan tashar Iri da kewayenta, alhali sojojin Arewa ba su ma iso garin ba. Ma'aikatan reluwe da farar hula da yawa suka mutu. An daɗe ba a iya maganar a fili ba, sai bayan shekaru masu yawa iyalan mamatan suka samu aka kafa musu dutsen tunawa a harabar tashar.

Amma bala'in da aka ba ka labari, na fi zaton na 1977 ne, kuma shi ne ya kamata in tsaya a kansa, domin duk mai nazarin tsaron jirgin ƙasa a Koriya sai ya karanta shi.

Wani tarago ne ɗauke da nakiya ta kamfanin Hanguk Hwayak, wanda yanzu ake kira Hanwha, ya taso daga Incheon za shi Gwangju. Kayan da ke ciki ana ƙiyasta su da kusan tan 40. Ƙa'ida ta ce irin wannan kaya ba a barinsa ya kwana a cikin tasha, wucewa ake yi da shi. Ƙa'ida ta ce ba a haɗa nakiya da abin tayar da ita a tarago ɗaya. Ƙa'ida ta ce mai rakiyar kayan ba ya shiga cikinsu da wuta. Duka ukun an karya su. Taragon ya iso Iri cikin daren 10 ga Nuwamba, aka jingine shi a layin jira, ya kwana ya wuni. Binciken da ya biyo baya ya tono wata al'ada da ta yi katutu a wancan zamani: sai an ba da na goro, abin da suke kira kuɗin gaggawa, kafin a haɗa taragonka da jirgin da zai wuce. Wanda bai bayar ba ya yi ta jira. Mai rakiyar ya fusata da jinkirin, ya shiga gari ya sha giya, ya dawo cikin taragon da duhu da sanyi, ya kunna kyandir, barci ya kwashe shi. Kyandir ya faɗa kan kwalayen. Da ya farka ya ga wuta ta fi ƙarfinsa, ya fita da gudu yana ihu.

Wajen ƙarfe 9:15 na daren 11 ga Nuwamba 1977 taragon ya tashi. A daidai lokacin jama'a da yawa suna gaban talabijin suna kallon wasan neman gurbin kofin duniya tsakanin Koriya da Iran. Mutum 59 suka mutu, fiye da 1,300 suka ji rauni, kusan 7,800 suka rasa matsuguni ana bakin shiga hunturu. Inda taragon yake ya zama rami mai faɗin kimanin mita 30 da zurfin kimanin mita 10. Ginin tashar ya lalace, unguwannin talakawa da ke manne da dogo, musamman Changin-dong, suka zama kufai. A gidan kallo na Samnam da ke kusa, rufi ya rubto kan 'yan kallo ana tsakiyar wasan wata shahararriyar mawaƙiya, kuma ɗan barkwancin da ke gabatar da shirin ne ya goya ta ya fitar da ita, shi ma da rauni a ka. Daga cikin mamatan akwai ma'aikatan reluwe da suka ji ihun wuta suka ruga wajen taragon don su kashe ta. Waɗannan mutane suna tsaya mini a rai duk lokacin da na koma kan wannan labari. A tasha guda aka samu masu riƙe tarago don na goro, aka kuma samu masu tunkarar wutar nakiya don ceton gari.

Abin da nake so ɗalibi kamarka ya gani a nan shi ne, babu wata na'ura da ta lalace a daren. Dogo lafiya lau, sigina lafiya lau. Ƙananan sakaci ne na mutane daban-daban, kowanne yana ganin nasa ba wani abu ba ne, suka jeru a layi ɗaya. An yanke wa mai rakiyar ɗaurin shekara 10, amma shi ne ƙarshen igiyar, ba farkonta ba. Shugaban kamfanin, Kim Jong-hee, ya fito ya nemi gafarar jama'a, kamfanin ya ɗauki nauyin diyyar won (kuɗin Koriya) biliyan 9, kuɗi mai yawan gaske a lokacin. Gwamnatin shugaban ƙasa Park Chung-hee ta fito da shirin sake gina garin, aka faɗaɗa titunan gaban tasha, aka gina rukunin benaye a Mohyeon-dong don waɗanda suka rasa gidaje, aka kammala sabon ginin tasha a 1978. Yanayin titunan da za ka gani idan ka fito ta ƙofar gabas, daga wannan gyara ya samo asali. Akwai hasumiyar tunawa da mamatan a harabar tashar. Ka tsaya ka dube ta ko sau ɗaya.

A 1995 aka haɗe birnin Iri da gundumar Iksan da ke kewaye da shi, aka ɗauki tsohon suna Iksan, tashar ma ta koma Iksan daga 1 ga Satumba na shekarar. Har yanzu za ka ji tsofaffi suna cewa Iri, za ka kuma ga sunan a jikin makarantu da shaguna. Kada ya ruɗe ka, wuri ɗaya ne.

Akwai wani ƙorafi da ya kamata ka sani, domin za ka ji shi a bakin abokan karatunka 'yan yankin. Mutanen Honam, wato yankin kudu maso yammacin ƙasar, sun daɗe suna ganin an mayar da su saniyar ware wajen rabon ayyukan ci gaba, kuma dogo ne babbar hujjarsu. Layin Seoul zuwa Busan ya zama mai hanya biyu tun kafin ƙarshen mulkin Japan a 1945. Na Honam kuwa an fara ninka shi a 1968, ya kai Iri a 1978, bai kai Mokpo ba sai ƙarshen 2003. Shekara 30 da ɗoriya ana aiki ɗaya. Da jirgi mai gudun tsiya, KTX, ya fara aiki ranar 1 ga Afrilu 2004, yana zuwa Iksan, amma daga wajen Daejeon sai ya sauka kan tsohon dogo mai lanƙwasa ya rage gudu. Sai 2 ga Afrilu 2015 aka buɗe layin gudu na Honam, kilomita 182 daga Osong zuwa Gwangju Songjeong, ta Gongju da Iksan da Jeongeup, inda jirgi ke kai kilomita 300 a awa. Ginin da za ka sauka a cikinsa an buɗe shi a ƙarshen 2014 don tarbar wannan layi. A saman dogo aka ɗora shi kamar gada, yana da mafita gabas da yamma, don haka ya haɗe ɓangarorin gari biyu da layukan jirgi suka raba tun asali.

Yanzu ga abin da zai amfane ka ranar tafiya.

Layi huɗu ne suke haɗuwa a Iksan: layin gudu na Honam, tsohon layin Honam, layin Jeolla, da layin Janghang. Wannan na ƙarshe yana tasowa daga Cheonan ya bi ta yammacin lardin Chungcheong, kuma tun 1 ga Janairu 2008 aka tsallako da shi kogin Geum aka haɗe shi da tsohon reshen Gunsan, Iksan ta zama ƙarshensa. Jiragen kuma hawa-hawa ne. KTX na kamfanin gwamnati Korail shi ne mai gudu, yawanci daga tashar Yongsan a Seoul yake tashi, wasu daga babbar tashar Seoul. SRT ma mai gudu ne, ya fara aiki a Disamban 2016, yana tashi daga Suseo a kudu maso gabashin Seoul. Ƙasa da su akwai ITX-Saemaeul da ITX-Maum, masu tsabta da matsakaicin gudu, sai Mugunghwa, jirgin talaka, mai tsayawa a ƙananan tashoshi. KTX daga Yongsan zuwa Iksan awa ɗaya da 'yan mintuna ne. Lokacin da aka buɗe layin a 2015 kuɗin kujerar gama-gari won 32,000 ne. Mugunghwa kan ci kusan awa uku, kuɗinsa kuma kusan rabin na KTX. Idan aljihun ɗalibi ya yi sanyi kuma ba sauri kake ba, ba abin kunya ba ne, kuma ka fi ganin ƙasa.

Daga filin jirgin sama na Incheon, ka hau jirgin AREX zuwa tashar Seoul. An daina KTX mai tashi kai tsaye daga filin jirgin tun 2018, saboda haka kada tsohon bayani a intanet ya sa ka tsaya nemansa. A tashar Seoul ka duba ko akwai KTX mai zuwa Mokpo ko Yeosu da zai tashi daga nan. Idan babu, Yongsan tasha biyu ce kawai a layi na 1 na jirgin cikin gari. Akwai kuma bas daga filin jirgin zuwa Iksan. Ya fi jirgi daɗewa a hanya, amma ga mai manyan akwatuna biyu da gajiyar doguwar tafiya, rashin sauke kaya da ɗorawa ba ƙaramin sauƙi ba ne. Ranar farko ni bas zan ba ka shawara idan lokacinsa ya yi daidai da saukarka, ka bar jirgi sai ka huta.

Wurare uku ne baƙo ke yin tuntuɓe a wannan hanya. Na farko, ba duk KTX mai zuwa Iksan ne yake bin layin gudu har ƙarshe ba. Da za a buɗe sabon layin a 2015 an yi ja-in-ja mai zafi tsakanin mutanen Daejeon, da ba sa so a yanke su, da mutanen Honam, da ba sa so a ƙara musu ko minti ɗaya. Aka sasanta da barin wasu jirage su ci gaba da bi ta Seodaejeon da Gyeryong da Nonsan a kan tsohon dogo. Waɗannan sukan kai wajen awa biyu. Kafin ka biya, ka dubi lokacin isa, kada ka tsaya ga sunan jirgi kawai. Na biyu, a Yongsan za ka ga Mugunghwa ko Saemaeul da aka rubuta Iksan a matsayin ƙarshen tafiyarsa, ka ɗauka shi ne mafi kai tsaye. Sau da yawa na layin Janghang ne, zai zagaya da kai ta yamma ya ci fiye da awa uku da rabi.

Na ukun shi ne abin da ya fi burge ni a Iksan, kuma shi ne ya fi ruɗa mutane. Wasu jiragen gudu sukan taso daga Seoul su biyu a haɗe, hanci da hanci, kamar jirgi ɗaya. Idan sun iso Iksan sai a raba su a gaban idonka, ɗaya ya miƙe Gwangju da Mokpo, ɗaya ya karkata Jeonju da Yeosu. A dawowa kuma a nan ake sake ɗaura su. Babu ƙofa tsakanin ɓangarorin biyu, kuma kowanne da lambarsa. Kai da za ka sauka a Iksan ba ruwanka. Amma ranar da za ka hau daga Iksan zuwa kudu, ka dubi lambar jirgi da lambar tarago da ke tikitinka, ka tsaya daidai inda aka rubuta wannan lamba a dakalin hawa. Wanda ya faɗa ƙofar da ta fi kusa da shi yana iya nufin Jeonju ya tsinci kansa a Jeongeup. Idan ka samu lokaci wata rana ka tsaya ka kalli yadda murfin hancin jirgin ke buɗewa, ƙarafan haɗi su kama juna cikin natsuwa, ma'aikaci yana tsaye yana ba da ishara. Minti kaɗan ne, amma aikin mararraba gaba ɗaya yana cikinsa.

Tikiti kuwa, ka sauke manhajar Korail Talk a wayarka, tana da Turanci. SRT yana da tasa manhajar daban. Akwai tagar sayar da tikiti da na'urori a cikin tashar, kuma ana fara sayarwa wata ɗaya kafin ranar tafiya. Katin T-money da za ka riƙa dangwalawa a bas da jirgin cikin gari ba ya maye gurbin tikitin waɗannan jirage. Za ka yi mamaki ka ga babu shinge, babu mai duba tikiti a ƙofa, ka wuce kai tsaye har kujerarka. Kwandasta yana da na'ura a hannu da ke nuna masa kujerar da aka saya da wadda ba a saya ba, don haka wanda ya zauna a wurinsa ba a ma tambayarsa. Wanda aka kama babu tikiti kuwa tara ce a kan kuɗin, ga zubar da mutunci. Idan kujeru sun ƙare ana sayar da tikitin tsayuwa, ipseok. Yammacin Juma'a da Lahadi jiragen Seoul kan cika, ka saya da wuri. Lokacin bukukuwan Seollal da Chuseok, sa'ad da kowa ke komawa garinsu, ana ware ranakun sayarwa na musamman kuma kujeru kan ƙare nan da nan. Jiragen suna tashi a kan minti, ba sa jiran kowa. Idan kuma jirgi ya makara minti 20 ko fiye bisa laifin kamfani, ana mayar maka da wani kaso na kuɗinka, yana kaiwa rabi idan jinkirin ya kai awa ɗaya.

A cikin ginin akwai zauren jira, da lif da matakala mai tafiya da kanta zuwa kowane dakali, da akwatunan ajiyar kaya na haya, da kantin StoryWay da 'yan wuraren cin abinci da shan gahawa. Game da abinci ka yi hattara: naɗin shinkafar nan da suke kira gimbap sau da yawa akwai naman alade a ciki ko da ba a gani daga waje. Ka haddace kalmar dwaeji-gogi, naman alade ke nan, ka riƙa tambaya. Masallacin da aka fi sani a lardin shi ne na Abubakar Siddiƙ da ke Jeonju, wanda aka buɗe a 1986, kuma Jeonju tafiyar kimanin minti 15 ce a jirgi daga Iksan. Ga Juma'a ta samu. Gwangju Songjeong wajen rabin awa ce a jirgin gudu, Gunsan wajen minti 20, sai dai sabuwar tashar Gunsan tana wajen gari, don haka mai son ganin tsohuwar unguwar bakin ruwa sai ya ƙara da bas ko tasi.

Idan ka fito ta ƙofar gabas, tsohon gari ne a gabanka, Jungang-dong. Za ka ga shaguna da dama a rufe, kada ka ɗauka haka garin yake duka. Kasuwanci ya koma sababbin unguwanni irin su Yeongdeung-dong da Mohyeon-dong, kuma yawan jama'ar Iksan ya sauko daga sama da 330,000 a farkon shekarun 2000 zuwa wajen 270,000. Koriyawa suna da suna ga abin da jirgin gudu ke yi wa irin waɗannan garuruwa, suna kamanta shi da tsinken zuƙar lemo: hanyar da ta sauƙaƙa zuwa ita ce ta sauƙaƙa tafiya, mai neman babban asibiti ko babban kanti ko aiki sai ya hau jirgi, cikin awa ɗaya yana Seoul. A ganina wannan ita ce babbar matsalar tashar a yau. Dubban mutane suna sauya jirgi a cikinta kullum, kaɗan ne suke saukowa su taka garin. Hukumar birnin tana ƙoƙari, ta mayar da wani titi da ke gaban tashar na masu zane da sana'ar hannu, kuma a nan ne gidan tarihin zamani na Iksan yake, a cikin ginin wani tsohon asibiti na shekarun 1920 da aka ɗauko aka sake kafawa. Ka fara da shi a makonka na farko, za ka ga hotunan Iri tun tana 'yan gidaje a bakin dogo. Mireuksa da kufan fadar Baekje da ke Wanggung-ri, waɗanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2015, suna wajen gari, sai ka hau bas ko tasi daga gaban tashar.

Akwai wuri ɗaya da nake so ka je wanda ba kowa zai gaya maka ba. A kan hanyar Jeonju, 'yan kilomita kaɗan daga Iksan, akwai tsohuwar tashar Chunpo. An gina ta a 1914 da katako, kuma ita ce ginin tashar jirgi mafi tsufa da ya rage a tsaye a Koriya ta Kudu. A zamanin Japan sunanta Daejang, kuma gonar iyalan Hosokawa da ke ƙauyen take yi wa hidima, har yanzu tsohon injin casar shinkafar gonar yana nan kusa. An sa ta cikin kayan tarihin ƙasa a 2005, an rufe ta a 2011 da aka ɗaga sabon dogo a kan gada. Jirgi ba ya tsayawa, sai ka je da bas. Ɗan gini ne da bai fi ɗaki biyu zuwa uku ba, gonakin shinkafa sun kewaye ƙauyen, kuma idan ka ɗan jira a tsakar gidanta za ka ga KTX na Yeosu ya wuce ta saman gadar da ke gefenta. Ka je a watan Oktoba, lokacin da shinkafa ta nuna ana shirin girbi.